Yadda Za Ka Gyara Talabijin Ɗin Surukarka Ba Tare da Hoto Ya Fito Ba

Duk inda ka leƙa a waya yanzu za ka tarar da masana suna koyar da yadda ake haska fuskar waya a talabijin ba tare da igiya ba, da abin da za ka yi idan sun haɗu amma hoto ya ƙi fitowa. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai babu ɗayansu da ya tuna da bawan Allahn da rufin asirinsa yake cikin ƙin fitowar hoton nan. Shi nake yi wa wannan rubutu, kuma na san kai ne, don mai gaskiya da ya ga kan maganar wucewa zai yi.

Sunana Sama'ilu, amma a bakin tashar Kazaure, inda nake da shagon cajin waya da tura karatu da waƙoƙi, Injiniya ake ce mini. Ni na raɗa wa kaina, jama'a suka bi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan takwas ɗaya bayan ɗaya, wayarka za ta nuna ta haɗu, talabijin zai amsa, amma allon zai zauna baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma har sannu da ƙoƙari za a yi maka. Na gwada da kaina a gidan surukaina da ke bayan Babura. Ta ɓangaren hoto dai ban ji kunya ba.

Mataki na 1: Ka tabbata kana da abin ɓoyewa

Kada ka wahalar da kanka a banza. Ga nawa, ka auna da naka.

Matata Nafisat 'yar Fulani ce. Da aka kawo ta, ba a daɗe ba aka biyo ta da saniyarta, wata fara mai suna Fure, mai tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar gidansu. Mahaifiyarta, wadda kowa a gidan yake kira Adda, ita ta kamo igiyar da hannunta har ƙofar gidana. Ba ta yi mini magana ba, don tsakanin suruka da suruki a gidansu kunya ta fi katanga kauri. Ɗanta Jalaluddeen, yayan Nafisat, ta kalla ta ce, "Ka ce wa yaron nan, wanda ya iya riƙon saniya shi ya iya riƙon mace."

Na ce a ce mata ta kwantar da hankalinta.

Shekara ta zagayo, Nafisat ta tafi gida haihuwar fari, ta samu 'ya mace, Bahijja. Aka bar ni daga ni sai Fure. To kai ma ka san cin gwauro: awara a leda, ɗanwake a leda, shinkafa da wake a leda, fura a leda, ruwan ma a leda. In na gama na wurga tsakar gida na nufi shago. Wani abu da ya riƙa burge ni, kullum na dawo sai na tarar tsakar gidan tas, har nakan ce ashe iska ma tana taimakon gwauro. Sai da Fure ta fara zubewa, ƙugu ya fito, ciki ya yi tulu, na zuba mata harawa ta shinshina ta kau da kai, sannan na gane wa ke yi mini shara.

An yi arba'in, an ƙara wata arba'in, ba a dawo mini da mata ba. Da na aika a tuna, amsar da ta zo ita ce, "A ga saniya tukuna, sannan a yi maganar komawa."

Allah ya haɗa ni da maƙwabci nagari, Malam Nathaniel, malamin firamare ne mutumin Filato, katanga ɗaya ta raba mu. Yana kiwata wata farar saniya don Kirsimeti, ta yi ɓul-ɓul har tana sheƙi. Na roƙe shi na ɗauke ta bidiyo. Ya ce, "Injiniya, me za ka yi da shi?" Na ce talla zan yi masa kyauta. Na tsaya daga nesa, na sa hannu ya ɗan yi rawa, na ɗauki minti biyu.

Wayata ƙarama ce, fuskarta ta tsage, sifikarta kuma ta mutu tun ranar da ta faɗa kofin koko. Idon Adda ya yi rauni. Da na kai ziyara aka miƙa mata, ta kai wayar kusa da hanci, ta ce, "Madalla." Nafisat ce ta ɗan yamutsa fuska ta ce kamar ƙahon ya canza. Na ce mata kusurwar kyamara ce, abu ne na ilimi. Aka sa rana: Asabar mai zuwa na zo na ɗauki iyalina.

Asabar ɗin na isa da hantsi, da sabon ɗinki da turare, sai na tarar Jalaluddeen ya sayar da bijimai ga mutanen tsallaken iyaka, ya karɓi sefa, ya sayo talabijin mai faɗin tabarmar sallah, an kafa masa sola. Ina durƙushe ina gaisuwa Adda ta ce, "Ka ce wa yaron nan, an ce abin nan yana ɗaukar hoton waya. Ya sa mini Fure a babba na gan ta da kyau, sai su kama hanya."

A allon nan, kunnen saniya zai kai tafin hannu biyu. Saniyar Malam Nathaniel kuwa kunnenta lafiya lau, ko ƙuda bai taɓa tsaga shi ba. In matsalarka ta kai wannan nauyi, mu je mataki na gaba. In ba ta kai ba, je ka gyara talabijin ɗinka kamar kowa.

Mataki na 2: Ka riga kowa ɗaukar rimot

Kada ka yi gardama, kada ka ce waya ba caji, kada ka ce bidiyon ya goge. Waɗannan ƙaryar yara ce, kuma gidan da ke da sola ba a yi masa ƙaryar caji. Ka nuna murna. Ka ce, "Ai wannan shi ne aikinmu!" Ka miƙa hannu ka ɗauke rimot tun wani bai yi tunaninsa ba.

Wanda ya riƙe rimot shi ne sarkin ɗaki. Ka naɗe hannun riga, ka busa ƙurar da babu a bayan talabijin, ka ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa kana kasa kunne kamar mai sayen kankana. Sannan ka girgiza kai a hankali ka ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin jari ne, ka adana shi, za ka ci ribarsa nan gaba.

Ka lura da zamanka. Suruki ba ya hawa kujera a gaban suruka, ƙasa yake zama, kai a sunkuye. Mutane suna ɗauka takura ce. Ni na ce rahama ce, don wanda kansa ke sunkuye ba a ganin idonsa, ba a kuma ganin abin da yatsansa ke yi.

Mataki na 3: Ka san gyaran gaskiya, don ka san hanyar kauce masa

Jahili ba ya iya ɓata abu da kyau. Jahili sai ya yi ta danne-danne har ya gyara bisa kuskure, ya tona wa kansa asiri. Saboda haka ka haddace wannan: kafin waya ta haska a talabijin, dole su biyun su hau layin wayifai guda. A gidan nan layin daga wayar Jalaluddeen yake fitowa, talabijin kuma yana kai tuni.

Kai kada ka hau. Ka zauna a kan datarka, ka danna neman talabijin, ka juya wayar kowa ya ga tana ta kewaye tana nema. Ka bar ta ta nema. Mai nema yana tare da samu, amma ba yau ba.

A nan mata za su fara taruwa. A nawa, kafin minti goma ɗakin ya cika: gwaggonni, matan maƙwabta, Nafisat a bakin ƙofa da Bahijja a kafaɗa, akwatunanta a ɗaure a bayanta. Kada ka kalli akwatunan nan. Ni na kalla, sai da zuciyata ta yi wani irin tsalle, don wata huɗu ke nan ina kwana da bango.

Mataki na 4: Ka ɗora laifi a kan wanda ba ya wurin

Da an fara gajiya za a tambaye ka, "Injiniya, lafiya?" A nan za ka fito da "hmm" ɗin da ka ajiye. Ka zaɓi mai laifin da ba zai iya kare kansa ba. A garinku ban san wa za ka samu ba, amma a ƙasar Babura Allah ya hore mana iyaka.

Na ce, "Yaya, a ina ka sayo tibin nan?"

Jalaluddeen ya ce, "Wani mutumin Magarya ne ya kawo mini."

Na buɗe jerin saitin, ga shi kuwa duk da Faransanci. Na tafa hannu. "Ai ka ji! Tibin nan Faransanci yake ji, wayata kuwa Turanci aka koya mata. Yanzu haka gaisawa suke son yi, ba mai jin wani. Ga sabis ɗin Nijar yana shigowa yana raba hankalinsa, don ka san kowa ya ji ƙamshin gida sai ya waiwaya."

Wata gwaggo ta ce, "Allah sarki, baƙunta ce." Ka ga irin wannan gwaggon, ka riƙe ta da kyau, ka riƙa kallon wajenta duk lokacin da za ka yi bayani.

Kada ka ɗora laifin a kan rana. Na so na ce batir bai cika ba, na ɗaga kai na ga tsakar rana ce ta kaka, ko ƙwai ka ajiye a kan farantin solar nan zai soyu. Ƙarya ma tana son a duba yanayi.

Mataki na 5: In aka kira masani, ka bi shi da baki

Wannan shi ne mataki mafi hatsari, kuma kusan ba ya wuce kowa, don kowane gida akwai mai taurin kai irin Jalaluddeen. Mutum ne da zai yini a kara, kasuwar shanu, yana jayayya a kan haƙorin bijimi, ba zai bar talabijin ɗinsa ya kunyata shi a gaban gwaggonni ba. Ya zaro waya ya kira Godswill, mai shagon kayan wuta a kasuwar Babura, wanda ya kafa masa solar, ya sa a amsa-kuwwa kowa na ji.

Godswill ya shekara ashirin a garin, Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta, kuma abin haushin ya san aikinsa.

Ya ce, "Alhaji, ba maganar Faransanci ba ce, tibi ba ya da ƙabila. Wa ke riƙe da wayar?"

"Surukinmu ne, injiniya ne daga Kazaure."

"To Injiniya, sannu da aiki. Ka hau layin Alhaji?"

Na ce, "Tuni."

Jalaluddeen ya leƙo ta kafaɗata. "Bai hau ba. Ga shi nan a kashe."

Na ce, "Au, sauka ya yi. Ka san layi kamar jaki ne."

Ka'idar ita ce ka amsa da "to" ga duk abin da masani ya ce, yatsanka kuma ya yi nasa wuri. Amma ba ta aiki in mutum yana tsaye a kanka yana numfashi a wuyanka. Godswill ya bi da ni tiryan-tiryan: a hau layi guda, a kashe abin tattalin batir na waya don yana hana ta tura hoto, a kashe talabijin a zare shi daga wuta a ƙirga talatin a mayar, a kashe wayar ita ma a kunna, in tambaya ta fito a allo ko a bar baƙuwar waya ta shigo a danna na'am. Duk na san su. Da baƙo ne ya zo shagona da haka zan yi masa, har na ƙara da nuna isa.

Jalaluddeen da kansa ya miƙa hannu ya danna na'am a jikin talabijin. Allon ya yi ƙyafta, sai ga fuskar wayata ɓaro-ɓaro a bango, da hoton Bahijja da na sa a kai tana hamma. Mata suka ɗauki guɗa. Godswill ya ce, "Na ji ya kawo, Allah ya ba da sa'a," ya kashe.

Ni kuwa gumi ya jiƙa sabon ɗinkin nan har turaren ya gudu. In ka kai nan, kada ka yanke ƙauna. Ka yi murmushi, ka ce, "Alhamdu lillahi, saura ɗan daidaitawa."

Mataki na 6: Ka kashe hoton, ka zauna a kan rimot

Yanzu ka buɗe kunne, wannan sirrin ba a kowane shago ake samunsa ba. Yawancin talabijin na zamani suna da wani wuri a cikin saitin tattalin wuta, in ka danna sai allo ya mutu amma injin yana raye. Waya za ta ci gaba da cewa an haɗu, 'yar jar fitilar nan tana nan, hoto ne kawai babu. Ko da wane harshe aka rubuta, ka nemi alamar ganye, nan yake.

Da farko ka kawar da mai leƙe. Na ce, "Yaya, kamar wutar tana rawa. Don Allah duba mini ko akuya ta taka igiyar sola." Ya fita da sauri. Sauran 'yan ɗakin suna ganin rubutun Faransanci yana hawa yana sauka, suna cewa sannu da ƙoƙari. Na sami ganyen, na danna. Ɗif.

"Innalillahi, ya ɗauke!" in ji gwaggon nan tawa.

Na ce, "Abin da nake tsoro ke nan. Baƙuntar ce ta motsa."

Amma ka kiyaye, wannan saitin yana da rauni guda: kowane maɓalli aka taɓa a rimot, hoto zai dawo. Don haka ka tura rimot ɗin ƙarƙashin cinyarka, ka baza riga a kai, ka zauna daram. Jalaluddeen ya dawo ya ce ba akuya, ya hau neman rimot, aka ɗaga tabarma, aka zazzage zannuwa, aka duba bayan randa. Ba wanda ya ce na tashi, don ba a tayar da suruki daga zaman ladabi. Na taya su da addu'ar Allah ya bayyana.

A wannan lokacin, ɗan'uwa, na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba. Na ga kaina a mota, Nafisat a gefe, Bahijja a cinya, mun wuce kwanar Kazaure. Abin da za a yi in ta shiga gida ta ga Fure kuwa, na ce wannan matsalar gobe ce, in mata ta riga ta shiga ɗaki ai an ci rabin yaƙi.

Mataki na 7: Ka kunna bidiyon don a ga ba ka da nufi

Mai dabara ba ya tsayawa a "ya ƙi". Yana nuna ya yi iya yinsa. Ka ɗaga wayar sama, nesa da idon kowa, ka ce, "Ku shaida, ga shi na kunna. In da rabon a gani, za a gani." Ka danna.

Na danna.

Wato akwai abin da na manta, kuma shi ya sa nake rubuta maka wannan da hannun da ya yi kanta. Ni ban taɓa jin bidiyon nan ba. Na ɗauke shi da wayar da ba ta magana, na kalle shi sau ashirin shiru, har na saba ɗaukarsa kurma. Ashe koko sifika ya kashe, bai taɓa kunnen wayar ba. Saitin ganyen nan kuma hoto kaɗai yake kashewa.

Saniyar Malam Nathaniel ta yi wani kuka daga cikin baƙin allon nan, mai kauri, mai ƙoshi, har kwanukan jere suka amsa. Mata suka yi dariya. Gwaggo ta ce, "Kai, Fure ta samu wuri!" Na ce a raina, to ai shi ke nan, saniya saniya ce, duk kukansu ɗaya.

Adda ba ta yi dariya ba. Ta ɗan karkata kai, ta ce, "Wannan ban san ta ba. Allah ya yi wa mai ita albarka, yana ba ta dusa da kanwa." Ta ɗaga hannu. "Ka ce wa yaron nan ya mayar baya."

Jalaluddeen ya kalle ni. Na mayar.

Mai ƙoshin ta sake yin nata. Sai can bayanta, nesa, ta tsallaken katanga, wani ɗan siririn kuka ya biyo, gajere, kamar mai jin nauyin buɗe baki. Wallahi ni da nake kwana gida ɗaya da ita ban san da shi ba.

Nafisat ta ce, "Adda!"

Adda ta ce, "Na ji." Ta matsa gaban baƙin allon nan, ta kai kunne, ta ce a hankali da Fulatanci, "Fure, war," wato zo. Ta saurara kamar za a amsa. Sannan ta ce, ba da kowa ba, "Kakarta mahaifina ya ba ni. A hannuna aka haifi Fure, da daminar da ruwa ya cinye mana bukka. Wannan ba kukan yunwa kaɗai ba ne. Akwai abu a cikinta."

Sai ta juyo. Shekara biyu da aurena, ba ta taɓa kallon inda nake ba, balle ta kama sunana. Ranar ta dube ni tsakar ido.

"Sama'ilu. Kwana nawa rabonta da tuƙa?"

Na buɗe baki, na nemi Faransanci, na nemi sabis ɗin Nijar, na nemi akuya, duk sun gudu sun bar ni. Na ce, "Adda, ban san ana dubawa ba."

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Na sani," ta sa gefen mayafi ta goge ido. Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji.

Mataki na 8: Kada ka motsa

In abin ya kai haka, jikinka zai ce ka gyara zama ka durƙusa sosai ka ba da haƙuri. Kada ka biye masa. Ni na biye masa, na ɗago, gwiwata ta sauka a kan rimot.

Allon ya kawo tar. Ga saniyar Malam Nathaniel cike da bango, kunnuwa biyu lafiyayyu kamar sababbin faifai. Ga kuma abin da tsagewar wayata ta ɓoye mini a kusurwa: Malam Nathaniel da kansa, da singileti, yana riƙe da igiya yana ɗaga wa masu kallon talla hannu.

Gwaggo ta ce, "Ya kawo!" Ba wanda ya taya ta. Adda ko waiwayawa ba ta yi ba, takalminta take nema. Mu 'yan birni muna cewa gani ya kori ji, ita kuwa ta riga ta gama da kunne.

Ta ce wa Nafisat ta kwance akwatunanta. Ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta ce wa Jalaluddeen ya tsayar da mota. Kujerar da na tanadar wa matata, a kanta surukata ta zauna har Kazaure. Muna shiga gida, tun daga zaure ta yi kiran nan. Fure, wadda ta kwana biyu ba ta tashi ba, ta dafa gwiwa, ta yi rawa, ta miƙe.

Washegari malamin dabbobi ya zo ya yi mata aiki. Ledojin da ya ciro daga cikinta sun cika bokiti har sun yi tozo. Na gane wasu, har da ta mai awarar bakin tasha mai ɗigo-ɗigon ja. Malam Nathaniel ya leƙo ta katanga yana tambayar ko tallar ta karɓu, Adda ta gaishe shi da mutunci, ta yaba kiwonsa, ta ce ya riƙa leƙowa yana koya wa maƙwabcinsa. Ta zaɓi leda guda ta wanke, ta rataye a ƙusar da nake rataye hulata.

Hukuncin bai da tsawo. Nafisat da Bahijja suna Babura sai ranar da ƙugun Fure ya rufe. Adda kuma tana ɗakin Nafisat sai ranar. Wato na je ɗauko mata, na dawo da suruka. Kullum kafin na buɗe shago sai na je bakin dam na yanko ciyawa, na jiƙa dusa, na share tsakar gida da hannuna. Abinci a kwano nake ci. Duk Juma'a nakan ɗauki Fure bidiyo, kusa, kunnen hagu a gaba, na tura wa Jalaluddeen su kalla a babban allo, kuma tun daga ranar hoton bai taɓa ƙin fitowa ba.

Shekaranjiya da safe ina shara, Adda tana ɗaki, labule a sake, ba ta ganin komai. Sai na ji ta ce, "Sama'ilu, tsaya da tsintsiyar nan." Na tsaya. Ta ce, "Ta fara tuƙa." Na juya, ga Fure kwance a inuwa tana juya muƙamuƙi a hankali. Ni da na sha tura wa mutane waƙoƙi dubu, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, sai da na zauna a bakin turmi na share hawaye. Adda ta ce in na gama kukan akwai ragowar shara.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin hoto ba zai fito ba, kuma bai fito ba sai da gwiwa ta sa baki, gwiwa kuwa ba ta cikin yarjejeniya. Bai yi alkawarin komai a kan sauti ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, ko ya samu suruka, ko aka kama sunansa a gaban gwaggonni, shi ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ba ruwan Godswill, ba ruwan Malam Nathaniel, ba ruwan mutumin Magarya, ba ruwan mai awara. In surukarka ta taɓa riƙe sandar kiwo ko na yini ɗaya ne, ka ajiye takardar nan, ka je ka duba ko dabbar tana tuƙa. Mai ƙorafi kuma kada ya wahalar da kansa da kirana. Ina bakin dam da lauje, kuma ka san sifikar wayata ba ta aiki.